Ranar da Na Kai Baffa Tasha da Ƙeya

Ko da tsufa zai kai ni in riƙa neman hulata alhali tana kaina, ba zan mance safiyar da na kai Baffa tasha ba. Amma kafin mu isa can, bari in gaya muku ko da wa kuke magana. A shekarun nan na gab da samun 'yancin kai, duk faɗin Damagaram, daga Takaya har Gidimuni, babu ɗan ƙasa da ya san cikin inji kamar ni. Mota in ta yi tari a Zango, ina zaune a Birni zan gaya maka abin da ya shaƙe ta. Ƙarfe in ya gan ni da kansa yake kwancewa. (Ni ne dai nake faɗin haka a lokacin. Har yau ban ji wanda ya maimaita ba.)

Ainihin aikina awon gyaɗa ne. In kaka ta yi ina tsaye gaban ma'auni daga hantsi har la'asar, manoma na ɗora buhuna ina kiran nauyi. Da gyaɗa ta ƙare kuwa sai zama, wata da watanni. Tsarana wasu suka kama kiwon tattabaru, wasu dara a gindin ceɗiya. Ni Allah ya jarrabe ni da son ƙarfe. Ba don ci ba, ba don sha ba, in dai na ga abu yana juyawa to sai na kwance shi na ga me ke juya shi. Agogon Baffa da keken ɗinkin maƙwabcinmu duk sun ɗanɗana hannuna, ɗaya daga cikinsu ne kawai ya warke.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, bayan rasuwar mahaifina. Baduku ne, mutum mai shiru, wanda zai yini a zaure yana huda fata bai yi magana goma ba. Matarsa Inna Gaji ita ke yin maganar su biyu. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka ni ne ɗan, ni ne autan, ni ne kuma ciwon kan.

Motar da nake ba ku labari ta wani Bature ce da ke aiki a biron kumandan, wato ofishin Baturen da ke mulkin garin. 'Yar ƙarama ce, injinta ya mutu murus, ta shekara biyu a bayan gidansa kaji na ƙwai a ciki. Da zai koma ƙasarsu ya ce duk mai so ya kwashe. Shanu biyu suka jawo mini ita har kangon da ke jikin gidanmu, mutanen unguwa na tambaya ko akurki na saya. Na ɗora ta a kan kututturan dabino huɗu, tun da tayoyinta duk sun ruɓe, na toshe ƙofar kangon da zana, na ce kowa ya saurara.

Inji kuwa daga wajen Kafaran Isa na samu. Kafaran tsohon soja ne da ya koyi gyaran mota a bariki, ya dawo gida da kunne ɗaya mai ji da baki mai kaifi. Akwai wani kamyon soja, wato babbar motar ɗaukar kaya, da ya karye a tsakiya, injinsa lafiya lau, yana yashe a bayan rumfar Kafaran. Da na ce masa a cikin 'yar motar nan zan sa shi, sai ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ɗan Baduku," in ji shi, "zuciyar raƙumi za ka sa wa akuya?"

Na ce, "Kafaran, akuyar ce za ta gode mini."

Shekara biyu ina fama. Na yanke gaban motar na ƙara mata tsawo. Maƙeran unguwarmu suka ƙera mini ƙafafun da injin zai zauna, ina tsaye a kansu ina gwaji da igiya. Yatsana na hagu har yau bai miƙe ba. Kuma gaskiya ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar na waɗannan shekaru ba. Wanda bai taɓa ɗaukar ƙarfe biyu da ba a yi su don juna ba, ya yi ta lallashinsu har suka yarda, ba zai gane abin da nake nufi ba.

Wuri ɗaya ne ya gagare ni. Akwai doguwar sanda ta ƙarfe da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya, ta shiga wani ƙullutu a tsakiyar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun, wanda masu gyara ke kira pon. Da yake sabon injin ya fi tsohon tudu, sandar ta ƙi saduwa da bakin pon ɗin. Wata guda ina kallonsu. Ran nan ina cin gyaɗa sai dabara ta faɗo mini: me zai hana in kife pon ɗin, samansa ya koma ƙasa? Na kwance, na kife, na ɗaura. Sanda ta shige kamar don shi aka haife ta. Na tuna har rawa na yi ni kaɗai a kangon, ina mamakin yadda Turawa da duk karatunsu ba su taɓa tunanin haka ba.

Na juya maniwal, ƙarfen nan da ake murɗawa a gaba a tayar da mota, inji ya kama da ruri har tattabarun unguwa suka yi ƙaura. Kullum da la'asar sai in hau, in riƙe bolan, wato sitiyari, in sa witas, wato giya, na ɗaya, na biyu, na uku, in ji ƙafafun baya na juyawa a iska a kan kututture. Na je Kano na dawo ya fi sau ɗari ban motsa daga kangon ba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in sauka in kalli ƙafafun suna juyawa, don in na sauka wa zai taka? Ni kuwa na rantse ba mai zama a kujerar nan sai ni.

Ana nan sai maganar hajjin Baffa ta taso. Shekara ashirin da ɗoriya yana ɗinkin fata da wannan niyya a ransa. A lokacin tafiyar ƙasa ake yi, a shekara ko fiye a hanya. Maniyyatan wajenmu sun haɗa ayari da jagora wanda ya san hanya har bakin teku, kamyonsu zai tashi daga tashar Zango ranar wata Asabar da hantsi. Wanda ya makara ya makara, don tsoho ba zai bi su a baya shi kaɗai ba, sai dai baɗi in da rai. Baffa kuwa ya haura saba'in, gwiwarsa ba ta kai shi masallacin Juma'a sai ya huta sau biyu.

Inna ba ta son tafiyar nan. Ba ta taɓa faɗa masa ba, tana ta daka masa guzuri tana ƙulla ƙunshi, amma ni takan tare ni a bakin madafa. "Kai da yake jin maganarka," in ji ta, "ka san mutum nawa suka bi hanyar nan ba su dawo ba?" Ni ina sauraronta da kunne ɗaya, hankalina na kan motata, don na riga na yanke shawara: Baffa ne mutum na farko da za ta ɗauka. Mota da ta fara taka ƙasa da maniyyaci a ciki, wace irin albarka ce za ta rasa?

Maƙwabcinmu ya ce zai kawo jakinsa a kai Baffa tasha. Na tashi tsaye a gaban dattawa. "Jaki? Baffana, ranar tafiya Makka, a kan jaki, ina da rai? Malam, riƙe jakinka, mun gode." Baffa ya ɗaga kai ya dube ni, ya koma kan fatarsa.

Ana jibi tafiya na samo tayoyi huɗu, kowace da tarihinta. Kafaran ya taya ni ɗaurawa, ranar ce ma ya fara shiga kangon, kuma ban bar shi ya leƙa ƙarƙashi ba. Da muka sauke ta daga kututture ya ce, "To, hau ka zagaya da ita ko sau ɗaya ne mu gani."

Na ce, "A'a. Tafiyarta ta farko ta alhaji ce."

"Ɗan Baduku, ko amarya sai an gwada mata takalmi kafin ranar."

"Kafaran, wata shida ina tuƙa ta."

"A sama," in ji shi. "Kai ne soferen farko da na sani mai tuƙi a sama."

Ban ji ba. Har ƙofar gida ma tura ta aka yi da hannu ranar Asabar ɗin bayan asuba, don kada in ɓata farkon.

A gidanmu akwai abin da ake yi wa mai tafiya mai nisa. Uwar gida za ta zuba ruwa a bakin ƙofa, matafiyi ya tsallake da ƙafar dama. In ya tsallake ya tsallake ke nan: ba ya waiwaye, ba ya komawa ko da ya mance carbinsa, sai dai a miƙo masa. In wani abu ya mai da shi baya, tsofaffi sukan ce tafiyar ce ta ƙi, a haƙura. Na taso na ga ana yi, ban taɓa tambayar dalili ba.

Unguwa ta cika maƙil, 'yan rakiya har kan katanga. Liman ya yi addu'a. Inna ta fito da ƙwarya, ta zuba ruwan. Baffa ya tsallake cikin farar riga, ya taka 'yan taku zuwa inda motar take, gaba kaɗan da ƙofa, hancinta na duban hanyar Zango. Na buɗe masa ya zauna kusa da ni, aka loda kayansa a baya. Ni kuwa na sha sabuwar hula da wani tabarau na aro. Kafaran ya murɗa maniwal, inji ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Na ɗaga wa jama'a hannu irin yadda na ga kumandan na yi. Na sa witas na ɗaya, na saki ƙafa.

Motar ta zabura da baya.

Ba ja da baya irin na mai jin kunya ba, zabura da duk ƙarfin kamyon soja. Muka bi ta kan ruwan da Inna ta zuba, muka wuce ƙofar gidan, jama'a suka watse kamar an jefa dutse cikin zabi, Liman ya yar da takalmi ɗaya. Ba mu tsaya ba sai da muka rungumi dangar maƙwabcinmu. Jakin nan da na raina yana ɗaure a wurin, ya juyo ya dube ni yana tauna.

Guɗa ta koma salati. Na yi dariyar yaƙe na ce hannuna ne ya zame. Na sake sa witas na ɗaya da kyau, ina kallonsa da idona. Ta ƙara dannawa cikin danga. Na gwada na biyu, haka. Kafaran ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe a can. Da ya ɗago bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

"Wa ya kife pon ɗin nan?"

Na hau gyara zaman hulata, ya sake tambaya.

"Na ce wa ya kife shi?"

"Sandar ce ta ƙi shiga, Kafaran."

"Ai dole ta shiga. Ka samu mota mai witas uku na baya, ɗaya na gaba. Ko a Faransa babu irinta."

Zufa ta cika mini tabarau. Amma duk wannan bai kai abin da ya biyo baya ba. Inna ta ratso jama'a ta zo gefen Baffa ta riƙe ƙofar motar, ita da ba ta taɓa yi masa magana a gaban maza ba.

"Malam, ka gani da idonka. An mai da kai bayan ruwa. Ka sauko. Allah ya kai mu baɗi."

Wasu tsofaffi suka gyaɗa kai. Nan ne na gane girman abin da na yi. Ba danga na rusa ba. Shekara ashirin na mutumin da ya yi mini uba na ɗauka na ɗora a kan abin wasana, don a ce ɗan Baduku ya iya. Rana kuma tana ta hawa.

Baffa bai dube ta ba, don dubanta waiwaye ne. Idonsa na kan hanya ya ce, "Gaji, ƙafata ta koma?"

"Ba ta koma ba, amma..."

"To ƙarfe ne ya koma. Ƙarfe bai yi niyyar hajji ba." Sa'an nan ya ce da ni, a hankali, "Ka ce za ka kai ni. Kai ni."

Muka gwada witas na baya, wanda yanzu shi ne na gaba. Ta tafi, ba ta ƙi ba, amma tafiyar hawainiya, inji na kururuwa kamar ana yanka shi. Wata tsohuwa da tulu a ka ta wuce mu har ta yi mana sannu. Kafin mu kai ƙarshen lungu ruwan injin ya fara tafasa. Jakin kuwa mai shi ya riga ya kwance shi ya yi cikin gida da shi cikin fushin dangarsa, kuma ba ni da fuskar da zan roƙa.

Kafaran ya dubi rana. "A haka sai azahar. Ku juya ta."

Majiya ƙarfi suka taru suka juya ta da hannu, gindinta ya dubi Zango, hancinta ya dubi gida. Kafaran ya haye kan kayan Baffa a baya ya zauna yana fuskantar hanya. Ni na murɗe wuya kamar mai leƙen maƙwabta. "Dama!" in ji Kafaran. "Damarka ko tawa?" "Ta uwarka! Can, wajen tsamiya!" Haka muka kama hanya, muna tangaɗi daga wannan bango zuwa wancan.

A cikin wannan hargitsi akwai abin da na gani da gefen ido, ban fahimce shi ba sai daga baya. Da aka juya motar, Baffa ya koma yana fuskantar gidansa. Bai waiwaya ba, gabansa yake kallo kamar yadda aka ce matafiyi ya yi, sai dai gabansa yanzu shi ne ƙofar zaure da Inna tsaye da ƙwarya a hannu. Da fari ya runtse ido. Can sai ya buɗe. Bai sake rufewa ba har lungu ya karya kwana.

Tsakanin Birni da Zango ba nisa ba ne, amma ranar na ga kamar na je Agadas. Duk wanda Allah ya halitta a garin nan ya fito. Masu kanti, mahauta, sojojin da ke gadi, har wani Bature a kan keke ya tsaya ya cire hula yana kallo. Wani ya ɗaga murya, "Alhaji, har ka dawo?" Wani ya ce, "A'a, tafiya yake, gida ne ba ya son bari!" Baffa yana zaune ƙyam, hannu a kan gwiwa, kamar haka kowa ke zuwa Makka.

Muka shiga tasha da ƙeya, kamyon maniyyata ya riga ya tayar da inji, ana ɗaure igiyar ƙarshe. Soferen ya leƙo ya gan mu, dariya ta kama shi har ya kashe motar ya sauko don ya gani da kyau. Ina jin wannan dariyar ce ta ba mu lokacin loda kayan Baffa.

Baffa ya dawo, kada hankalinku ya tashi. Ya yi shekara da wata bakwai, ya rame, ya yi baƙi, ya dawo da ƙafafunsa. Inna ce ba ta jira ba. Zazzaɓin damina ya ɗauke ta yana can. Duk tsoron da ta yi a kansa ne, babu wanda ya yi tunanin a kanta za a ji tsoro. Bayan shekaru, wata rana ina taya shi jan fata, ya ce mini ba tare da ya ɗago ba, "Ranar nan tana tsaye har muka sha kwana. Zanenta mai shuɗi ne." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan. Kada ku ce na yi abin kirki. Wauta na yi, wautar ce Allah ya ga dama ya sa wani abu a cikinta, ni ban sa ba.

Pon ɗin na kwance shi na mai da shi daidai, na ɗaga bayan motar yadda ya kamata in yi tun farko, ta yi mini shekara tara tana tafiya gaba kamar kowace mota. Ba wanda ya tuna da wannan. Har yau akwai tsofaffi a Birni da in sun hango ni sai su fara tafiya da baya suna sallama. Abin da na koya kuwa ba mai yawa ba ne: duk abin da na haɗa da hannuna, kafin in ɗora wa wani rai a kai, sai na sauko daga kujera, na ba wani ya taka, na tsaya a gefe na ga ina ƙafafun suka nufa. Da wuya, don kujerar da daɗi.

Amma bari in ƙarasa muku tashar. Da aka gama lodi, aka kama Baffa za a hau da shi, na matso na durƙusa, tabarau a aljihu, zan ba shi haƙuri. Ya dafa kaina ya yi mini addu'a doguwa, har na fara jin kamar ba a yi komai ba. Sa'an nan ya sunkuyo daidai kunnena, amma da muryar da duk tashar ta ji.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. In Allah ya dawo da ni, ka taro ni da ƙafa. Kada in sha wahalar hanya in iso Damagaram, ka ɗauke ni ka mai da ni Makka."